Allon kallo a jirgin sama: me ke kashe shi, kuma me za ka yi idan naka ya mutu?

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaitawa, musamman daga masu shirin doguwar tafiya. Ga amsoshinsu wuri guda.

Kowane jirgi ne yake da allo a bayan kujera?

A'a. Tafiyar cikin gida irin Kano zuwa Legas ba ta kai awa biyu ba, kada ka sa rai. Manyan jirage masu hanyar wucewa biyu, irin Boeing 777 da 787 da Airbus A330 da A350, su suka fi zuwa da shi.

Wane kamfani ne ya fi kyawun allo?

Ka daina tambayar kamfani kaɗai, ka tambayi wane jirgi za ka hau. Gaskiya ne Emirates da tsarinta na ICE, da Qatar Airways da Oryx One, da Singapore Airlines da KrisWorld sun yi suna wajen yawan abin kallo. Amma ba su ke ƙera na'urar ba. Saye suke yi daga kamfanoni irin Panasonic Avionics da Thales da Safran, a haɗa ta da kujeru, ta zauna shekara da shekaru kafin a sake ta. Shi ya sa a kamfani ɗaya za ka samu sabon jirgi mai allo tangaran, ka samu tsoho mai allo dishi-dishi wanda sai ka matso kafin ka gane fuskar mutum. Duba samfurin jirgin a shafin sayen tikiti. Ko ka duba ma, ana iya sauya jirgi da safiyar tafiya ba tare da an shawarce ka ba.

Jiragen da ake ɗauko haya na ɗan lokaci, kamar lokacin jigilar alhazai, sau da yawa allon yana nan amma a kashe yake, ko babu komai a ciki sai taswira. Fina-finan lasisi ake biya a kansu, kuma ba kowane mai haya ne ke biya ba.

Allona ba ya jin taɓawa. In ƙara dannawa da ƙarfi?

Kada ka soma. Mutum ne a kujerar gabanka, kansa yana jingine daidai inda kake duka. Tsofaffin alluna matsi suke ji a wuri ɗan ƙarami, don haka sa bakin farce ka danna a hankali, ka jira daƙiƙa biyu. Idan ya ƙi, ciro rimot daga hannun kujera ko ƙasan allon.

To me ke lalata su haka?

Babbar kwamfutar da ke ɗauke da fina-finai tana wani wuri a jirgin. Daga can wayoyi ke bi ta ƙarƙashin daɓe ko jikin bango zuwa wani akwatin ƙarfe da ke ƙasan kujeru, wanda ke tare maka wurin miƙe ƙafa. Akwati ɗaya yakan ciyar da kujeru biyu zuwa huɗu, kuma a tsofaffin jirage an jera su ne wannan na ba wancan. Idan ɗaya ya mutu, layuka da yawa a bayansa na iya mutuwa tare.

Yi tunanin abin da akwatin nan ke sha. Ana harbin sa da ƙafa, ana cusa masa jaka, shayi da lemo na zubo masa, bargo na toshe ramukan da yake shan iska har ya yi zafi ya kashe kansa. Ga girgizar tashi da sauka da ke sassauta mahaɗin wayoyi. Ramin iyafis kuwa ya fi komai saurin lalacewa, domin mutane na miƙewa da igiya a kunne su fizge shi. Akwai kuma lokacin da ake sauya wutar jirgi daga ta ƙasa zuwa ta injinsa, wutar na iya ɗan ƙiftawa, alluna su mutu su sake tashi. Wannan ba lalacewa ba ce.

Sababbin tsare-tsare sun rage matsalar, domin a wasunsu kowane allo yana ajiye abin kallonsa a cikinsa, mutuwar ɗaya ba ta shafar maƙwabcinsa.

Idan allo ya lalace, ba alama ce jirgin ma ba lafiya ba?

Kwantar da hankalinka. Na'urar nishaɗi dabam take da na'urorin tuƙi. Kowane jirgi yana da kundin abubuwan da dole su kasance suna aiki kafin ya tashi, kuma allon kallo ba ya cikin na dole. Injiniya yana da damar rubuta shi a ɗage gyaran har jirgin ya koma gida inda kayan gyara suke. Ba za a tsayar da mutum ɗari uku saboda allonka ba.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: warin ƙuna, hayaƙi, ko akwatin ƙasan kujera ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Nan take ka kira ma'aikata. A ranar 2 ga Satumba 1998 jirgin Swissair samfurin MD-11 ya faɗa teku kusa da Nova Scotia a Kanada bayan gobara ta tashi a cikinsa, mutum 229 suka rasu. Masu bincike sun gano alamar tartsatsi a wayar da ke kai wa na'urar nishaɗi wuta a yankin da gobarar ta fara, kuma abin rufi mai cin wuta ya yaɗa ta. Bayan nan an tsaurara ƙa'idojin wayoyi da kayan rufi. Idan ma'aikata suka kashe tsarin gaba ɗaya suka ce don tsaro ne, kada ka yi musu gardama.

Allona ya mutu, ga tafiyar awa bakwai a gabana. Me zan yi, kuma za a biya ni?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, ya danganta da abin da ya mutu da kuma cikar jirgin.

Fara gwadawa tun kana zama, kafin a rufe ƙofa, domin a lokacin akwai yiwuwar injiniya na kusa. Sai dai wasu kamfanoni ba sa buɗe tsarin sai an tashi, saboda haka duba na maƙwabta. Idan na kowa baƙi ne, jira. Idan naka ne kaɗai, duba maɓallin haske da na kunnawa a ƙasan allon, domin sau tari wanda ya sauka ne ya kashe shi. Idan layinku ne duka, akwatin ƙasa ne, ka janye jaka ko bargon da ya rufe shi.

Daga nan ka faɗa wa ma'aikaci lambar kujerarka, ka roƙi a sake tayar da allon daga na'urarsu. Yakan ɗauki kamar minti biyar zuwa goma. Za ka ga allo ya yi baƙi, rubutu ya yi ta gudu. Cire hannunka, kada ka taɓa komai har ya gama, in ba haka ba yana iya sake ƙamewa. Kuma kada ka nemi wannan ana tsakiyar rabon abinci ko ana shirin tashi, ba za su saurare ka ba, kuma suna da gaskiya. Idan an gwada sau biyu bai tashi ba, mai yiwuwa ƙarfe ne ya lalace ba manhaja ba, gwaji na uku ɓata lokaci ne. Tayar da tsarin jirgin gaba ɗaya kuwa yana iya cin rabin awa, ya katse wa kowa kallo, don haka ba kasafai suke yarda ba saboda mutum ɗaya.

Sai neman sauyin kujera. Nema za ka yi, ba tashi ka zauna inda ka ga dama ba. Idan akwai gurbi a ɓangarenku yawanci za su ba ka. Kada ka sa ran za a kai ka kujerun manya saboda allo.

Maganar kuɗi: a mafi yawan lokuta ba haƙƙi ba ne da doka ta tilasta. Ko dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda ake yawan ambato, jinkiri da soke tafiya da hana hawa da rage darajar kujera ta shafa, ba allo ba. Abin da wasu kamfanoni ke bayarwa kyautatawa ce, makin tafiya ko takardar rangwame, wasu kuma haƙuri kawai za su ba ka. Idan kana so a duba kokenka, roƙi ma'aikaci ya rubuta matsalar a littafin gyaran jirgi, ɗauki hoton allon, ajiye katin hawa, ka rubuta wa kamfanin cikin 'yan kwanaki da lambar tafiya da kwanan wata da lambar kujera. Rubuta gajere, ba zagi. Rubutawar a littafi tana da amfani ko ba a ba ka komai ba, domin da ita injiniya zai san akwai gyara.

Me ya sa kallo ke tsayawa idan ana sanarwa?

Haka aka tsara shi don kowa ya ji bayanin tsaro. Ba za ka iya hana wannan tsayawar ba.

Sauti ba ya fita sosai, ko kunne ɗaya ne ke yi.

Iyafis ɗin da ake rabawa mai araha ne, ga ƙugin inji. Zo da naka mai igiya. Tsofaffin kujeru rami biyu gare su, sai ka sayi ɗan mahaɗi mai baki biyu, in ba haka ba kunne ɗaya za ka ji. Bluetooth sai a sababbin jirage. Kuma kada ka ƙure ƙara don ka rinjayi inji, sanarwa na shigowa za ta fasa maka kunne.

Akwai alƙibla da karatun Alƙur'ani?

A jiragen Saudia da Emirates da Qatar Airways akwai. Alƙiblar tana ɓangaren taswira.

Intanet ɗin jirgi shi ke kawo fina-finan?

A'a, a cikin jirgin suke a ajiye, galibi wata-wata ake sabunta su. Intanet daga tauraron ɗan'adam yake zuwa. Tsofaffin taurarin suna nisan kusan kilomita 36,000, saƙo ya je ya dawo ya haura rabin daƙiƙa, ga fasinjoji ɗaruruwa na rabon layi ɗaya. Na kamfanin Starlink suna nisan kusan kilomita 550, shi ya sa suka fi sauri, kuma Qatar Airways ta fara amfani da su a 2024. Jiragen da ba su da allo wasu na turo fim zuwa wayarka ta Wi-Fi na cikin jirgi, wani lokaci sai da manhajar kamfanin, wadda ya kamata ka sauke tun a gida.

To in dogara da wayata kenan?

Eh, musamman mai tafiya da yara. Sauke abin kallo da sauraro tun a gida, ka gwada shi bayan ka kashe data don ka tabbatar yana buɗewa. Cika caji kafin ka hau, domin tsohon ramin USB na kujera wutarsa kaɗan ce, soket ɗin kuma yana yanke wuta idan cajar kwamfuta ta ja fiye da ƙarfinsa. Batirin ko-ta-kwana, wato power bank, a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan awo ba, kuma wanda ya haura 100Wh, wato kusan 27,000mAh, sai da izinin kamfani. Emirates ta hana amfani da kowane batirin ko-ta-kwana a cikin jirgi daga 1 ga Oktoba 2025, Singapore Airlines ma ta hana, don haka duba dokar kamfaninka kafin ranar tafiya.