Masu buga gangunan zamani, ku daina ce mini "kunnena ya saba"

A 'yan watannin nan samari da yawa sun zauna a kujerar gwajin ji a ɗakinmu na asibiti, kuma kukansu ɗaya ne: wani tsiii a cikin kunne kamar kukan gyare, wanda ba ya tsananta sai dare ya yi, gari ya yi tsit. In na bi diddigi sai in tarar da ganga. Ina nufin jerin gangunan nan na zamani da mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu, ƙafa na taka babbar, hannu biyu na dukan ƙananan da faya-fayen ƙarfe. A ina kake koyo? A ɗaki. Ƙofa a buɗe? A rufe, saboda maƙwabta. Me ka sa wa gangunan don rage ƙara? Ba komai. Kunnenka fa? Sai a yi mini murmushi a ce, "Ai Sista, kunnena ya saba."

Wannan magana ta ishe ni. Kunne ba ya sabawa da ƙara. Abin da kuke kira sabo, jin ne ya fara raguwa, shi ya sa dukan da ya sa ka runtse ido bara, bana kake jin sa daidai. Da ma an ce sabo turken wawa. A can cikin kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane ɓangare, su ke ɗaukar sauti. Wadda ƙara ta kashe ta tafi ke nan, babu allura ko ƙwayar da za ta dawo da ita. Iyakar karatun da zan yi muku ke nan, sauran magana ta aiki ce.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar NIOSH mai bincike kan lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Wato 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Gangunan da ba a sa musu komai ba, in aka sake hannu, cikin sauƙi suke wuce 100 a kunnen mai bugawa. To kai da ke shiga ɗaki bayan la'asar ba ka fitowa sai duhu ya shiga, lissafa da kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar da suke jefa kansu a ciki, kuma a ƙa'idar da ta fitar a 2022, ko a manyan wuraren kiɗa ba ta yarda matsakaicin sauti ya wuce 100 ba. Ku kuna haɗa wannan a ɗakin kwana, bango huɗu na siminti suna dawo muku da kowane duka.

Akwai wani yaro da mahaifinsa ya kawo, bai cika ashirin ba. Uban na zama ya fara ƙorafi: "Sista, yaron nan kunnen ƙashi gare shi, sai in kira shi sau uku." Na sa masa na'ura a kunne, ina aika sauti, yana danna maɓalli in ya ji. A sautuka masu kauri bai kuskure ko ɗaya ba. Da muka hau wajen 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, ina aikawa, yaro na zaune da maɓalli a hannu yana kallon bango, yana jiran abin da ya riga ya wuce. Layin da ke kan takardar ya nutsa a daidai wurin, ramin da duk ma'aikacin kunne ya san na ƙara ne. Na hagu ya fi lalacewa, domin a nan faifan ƙarfen nan biyu masu haɗuwa suke, dab da kunnensa. Na ce, "Baba, ba raini ba ne. Muryarku yana ji, amma su s da f da ts sun fara ɓace masa, musamman in akwai hayaniya." Mutumin ya yi shiru ya daɗe. Ashe shi ya sayo gangunan don ya ga yaron na so, shi ne kuma ya ce a riƙa rufe ƙofa da taga. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya gaya masa. Yaron kuma ya ce tun watanni yake jin tsiii ɗin bayan kowane bugu, amma da safe yana wucewa, sai ya ɗauka kunnen ne ke sabawa.

Ban ce kowa ya bar kiɗa ba. Ku rage wa gangar murya, kuma hanyoyin ba su da wuya.

Sai dai a nan ma akwai ruɗu. Wasu na ce mini, "Ai na sa filo a cikin babbar ganga, na manna salatif a kan ƙaramar." Madalla, amma ku san aikin da wannan ke yi. Filo ko bargon da aka ninke ya taɓa fatar babbar ganga daga ciki, da 'yar roba mai danƙo da ake mannawa a gefen fata, da zoben leda da ake ɗorawa, da salatif mai ɗan ƙyalle a ƙarƙashi, duk suna kashe amon da ke biyo bayan duka ne, sautin ya fito a dunƙule, ya yi daɗin ji. Gyaran murya ne. Shi dukan kansa, wannan tas ɗin da ke soka kunne, yana nan kusan yadda yake. Kar wanda ya manna salatif ya zo ya ce mini ya kare kunnensa.

Abin da ke rage ƙara da gaske shi ne abin da ya shiga tsakanin sanda da fata, ko ya canza fatar baki ɗaya. Akwai faifan roba mai kauri da ake yankawa daidai bakin kowace ganga, a ɗora lokacin koyo a cire lokacin wasa, har faya-fayen ƙarfe suna da nasu. Akwai fatar raga, wadda ake ɗaurawa a madadin ta ainihi: sanda na dawowa hannu yadda aka saba, amma iska na wucewa ta ramukan, sai sautin ya koma kamar ana buga katifa. Kamfanin Remo na yin irinta, Zildjian kuma na yin faya-fayen ƙarfe masu ɗaruruwan ƙananan huji don wannan aiki. Wanda bai samu ko ɗaya ba, tawul mai kauri a kan kowace ganga, a matse shi da abin shanya kaya kar ya zame, ya fi babu nesa ba kusa ba. Kuma ku kula da ƙarfen fiye da fatar. Kowa na tsoron babbar ganga don ita ke girgiza ƙirji da bango, amma masu kaifin, ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa da faya-fayen nan, su suka fi kusa da kai, su suka fi cin kunne. Sanda ma tana da nata: siririya mai lamba 7A ba ta kai mai kauri 2B ƙara ba, haka sandar da aka yi da ɗaurin tsinke-tsinke, haka burushin buga ganga. Sannan hannu. Ba dole ne duk bugu ya zama kamar ana faskare ba.

Ɗakin kuma, kafet a ƙasa, labule mai nauyi, bargo a bango, suna shanye sautin da ke dawowa. Kwalin ƙwai da wasu ke jerawa a bango ba ya tare komai, wuta kawai yake jira. Gilashin roba da ake kewaye mai ganga da shi yana kare na gaba ne, shi na ciki sautin kansa yake komawa. In matsalar ta mazauna ƙasan bene ce, dukan ƙafa ne ke bin daɓe, sai a ɗora gangunan a kan katako mai roba ko soso mai tauri a ƙarƙashi.

Duk wanda ya yi wannan, ranar da zai cire roba ya buga gangar tsirara, dole ya toshe kunne. Ba da auduga ba! Don Allah ku bar cusa auduga da takardar goge hanci, kusan ba abin da suke tarewa, sai dai su maƙale mu yi ta ciro su. Matoshin soso ake nufi, ko marufin kunne irin na masu aikin inji. Na soson ma yawancinku ba ku iya sawa ba, rabi na leƙe a waje. A murza shi ya yi siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Masu cewa yana dushe musu kiɗa, akwai matoshin makaɗa mai matata, yana rage desibel 9 ko 15 ko 25 ba tare da ya ɓata sautin ba. Ku kuma masu sa iyafis ɗin waya kuna ƙure murya don ku ji waƙa a saman ganga, ƙara biyu kuke tara wa kunne ɗaya.

A gurguje:

Roba, raga ko tawul a duk lokacin koyo.
Matoshi a kunne tun kafin duka na farko, har da wanda ke zaune yana kallo.
Hutu wurin shiru bayan kowane ɗan lokaci, kuma in kunne ya yi tsiii ko ya toshe, an gama na ranar, gobe ma a huta.
Ƙananan yara kar su zauna a ɗakin.
Kar a ɗiga mai ko wani ruwa a kunne don maganin tsiii.
Gwajin ji sau ɗaya a shekara ga mai bugawa kullum.

Wanda ji ya ɗauke masa farat ɗaya, musamman a kunne guda, ko ya haɗu da jiri ko ruwa na fita, wannan ba na jiran sati ba ne, a ranar ake zuwa asibiti, domin maganin ya fi aiki a kwanakin farko. Sauran ku kuma da kuka san kuna kwana da kukan gyaren nan, ku zo a gwada ku, ku taho da abin da kuke toshe kunnen da shi in ga yadda kuke sawa.