Babur Ɗin Farko: Tambayoyin Da Sabon Mahayi Kan Yi Kafin Ya Biya Kuɗi

Wanda ya yi niyyar sayen babur na farko yakan riga ya zaɓi abin da ransa ke so tun kafin ya nemi shawara. Ya ga wani a hoto, ko ya ji kukan wani a titi, shi ke nan ya kwanta masa a rai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, na amsa su yadda zan amsa wa ƙanena. Tun yanzu in faɗi matsayata: babur ɗin farko na koyo ne, don haka wanda ya fi dacewa shi ne wanda idan ka yi kuskure a kansa ba zai hukunta ka nan take ba.

Inji mai cc nawa ya dace da sabon shiga?

Ga yawancin mutane, tsakanin cc 125 da cc 400. Idan zirga-zirgarka a cikin gari take, cc 125 zuwa 150 ya ishe ka. Idan za ka riƙa hawa babban titi inda motoci ke tafiya da gudu, to ka duba daga cc 250 zuwa 400, don ka iya bin sahun ababen hawa ba tare da injin yana ihu a ƙarƙashinka ba.

Sai dai kada lambar cc ta ruɗe ka. Cc girman cikin silindar inji kawai yake nunawa, ba ya gaya maka ƙarfin babur. Royal Enfield Classic 350 injinsa cc 349 ne, ƙarfinsa kuma wajen doki 20. KTM 390 Duke, wanda ya daɗe da inji mai cc 373, ya haura doki 40. Lambobin sun yi kusa da juna, amma ƙarfin ɗaya ya ninka na ɗayan. Haka kuma Suzuki SV650, mai cc 645 da silinda 2, ya fi Yamaha R6 mai cc 599 sauƙin hali nesa ba kusa ba, domin R6 silinda 4 gare shi, ƙarfinsa ya wuce doki 110, kuma don filin tsere aka tsara shi. Wanda ya ce maka "ai 600 ne kawai" bai yi maka adalci ba.

Ma'aunin da nake ganin ya fi amfani shi ne wanda Tarayyar Turai ke bi wajen ba da lasisi. A can, lasisin A1 ya tsaya a cc 125 da kilowat 11, lasisin A2 kuma ya tsaya a kilowat 35, wato kimanin doki 47. Ko a ƙasarku babu irin wannan doka, ka ɗora wa kanka ita. Kawasaki Ninja 400, Yamaha MT-03 mai cc 321 da Honda CB300R mai cc 286 duk suna cikin wannan da'irar.

To ai an ce cikin wata uku zan gaji da ƙaramin babur. Me zai hana in sayi babba tun farko, in riƙa bin sa a hankali?

Wannan ce maganar da na fi ji, kuma matsalarta ɗaya ce: ta ɗauka cewa hannunka zai yi maka biyayya kullum. A watannin farko ba ya yi.

Ka ƙaddara kana tafiya a giya ta biyu, taya ta faɗa wani ɗan rami da ba ka lura da shi ba. Jikinka ya yi baya, ka damƙe kan babur don kada ka faɗi, damƙar nan kuwa ta murɗa totur ba da saninka ba. Babur ya zabura, zaburar ta ƙara jefa ka baya, hannunka ya ƙara murɗawa. A kan babur mai doki 15 ko 30, za ka tsorata, ka saki, ka tsaya gefe kana haki. A kan mai doki 100, kafin ka gane abin da ke faruwa ka riga ka ci tazarar da ke tsakaninka da motar gabanka. Kuskuren iri ɗaya ne, abin da ya biyo baya ne ya bambanta.

Ban da haka, wanda ke tsoron babur ɗinsa ba ya koyo. Hankalinsa duk yana kan lallaɓa totur, ba ya samun sukunin koyon kallon nesa, shiga kwana, ko taka birki da kyau. Gajiyar da ake cewa an yi da ƙaramin babur kuma, yawanci gajiya ce da gudu a miƙaƙƙen titi, wanda shi ne abu mafi sauƙi a harkar. Ka tambayi mai wannan magana ya yi maka juyawa a ɗan siririn titi ba tare da ya sauke ƙafa ba, sai ka ga ko ya gama da babur ɗin.

Nauyi da tsayin sirdi fa?

A wurina sun fi cc muhimmanci, domin faɗuwar farko ba a guje ake yin ta ba. A tsaye ake yin ta, ko ana tafiyar da ba ta wuce ta ƙafa ba. Tawa ma haka ta kasance: na zo tsayawa a wani ɗan gangare, kan babur a karkace, na kama birkin gaba da ƙarfi, na sauke ƙafa sai ta sauka a kan tsakuwa. Babur ya fara kwantawa a hankali, ina ji ina gani, na riƙe har inda ƙarfina ya ƙare, na sake shi. Madubi da hannun kulochi ne suka tafi.

Babur yana da wani mizani na karkata wanda idan ya wuce shi, ba ka iya dawo da shi. Gwargwadon nauyinsa, gwargwadon saurin isa wurin. CB300R bai kai kilo 150 ba har da mai a tanki. Ninja 400 da MT-03 suna wajen kilo 168. Manyan babura na doguwar tafiya kuwa akwai masu haura kilo 300. Ga sabon mahayi, ƙasa da kilo 180 ya fi kwanciyar hankali.

Sirdi kuma, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a takarda. Honda Rebel tsayin sirdinsa milimita 690 ne, MT-03 kuma 780, amma faɗin sirdi ma yana da tasiri: mai faɗi yana ware cinyoyi ya cinye tsayin ƙafa. Ka je ka zauna a kai da takalmin da za ka riƙa hawa da shi. Ka miƙar da babur tsaye, ka ɗan karkata shi hagu da dama, ka juya kansa har ƙarshe ta kowane ɓangare ka ga ko hannunka yana kaiwa ba tare da ka miƙe daga sirdi ba. Idan tafin ƙafafunka biyu sun taɓa ƙasa, ko aƙalla gabansu ya dafe sosai, to madalla. Idan da kan yatsu kake dogarawa, ka nemi wani.

Wace siga ce ta fi, mai kama da na tsere ko wanda ake zama a miƙe?

Wanda ake zama a miƙe, mara rufin roba a jiki. Kana ganin hanya sosai, nauyinka ba ya kan wuyan hannu, kansa yana juyawa da faɗi. Idan ya faɗi kuma babu robobi masu tsada da za su farfashe. Masu ƙaramin sirdi da ake miƙa ƙafa gaba suna taimaka wa gajere, sai dai sukan yi nauyi. Masu dogayen ƙafa na shiga daji ba su da nauyi amma suna da tsayi.

Sabo ko na hannu?

Na hannu mai lafiya, idan ka samu. Zuciya ta fi jure ƙarzanewar tankin da dama can yana da tabo, kuma idan ka sayar bayan shekara ɗaya ko biyu ba za ka yi asara mai yawa ba. Amma araha ba ta ado, don haka ga yadda ake dubawa.

Ka roƙi mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Da zuwanka ka ɗora bayan hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an riga an tayar, kuma injin da ke wahalar tashi da sanyi yakan ɓoye halinsa idan ya yi zafi. A tayar a gabanka, ka tsaya ta bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce injin yana ƙona baƙin mai. Ka duba ƙarshen hannuwa, bakin hannun birki da na kulochi, da wurin ɗora ƙafa, nan ne tabon faɗuwa ke zama. Ka shafa ƙarafunan gaba guda biyu masu sheƙi da ke riƙe da taya, idan yatsanka ya fito da mai, robar da ke tare man ta mutu. Ka tsuguna wajen sarƙa, ka ja ta baya daga kan haƙoran tayar baya. Idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun lanƙwasa gefe guda, sarƙa da haƙora duk canji suke so.

Taya kuma tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi 4: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara 5 ko 6 takan bushe ta rage kama ƙasa ko da zanenta bai cinye ba. Daga ƙarshe ka gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin takardu, harafi bayan harafi. Idan ba ka yarda da idonka ba, ka tafi da bakanike wanda ba abokin mai sayarwa ba ne.

ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, ya cancanci ƙarin kuɗinsa?

Ƙwarai. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, sabon mahayi kuwa idan ya firgita damƙe shi yake yi gaba ɗaya. Tayar gaba ta daina juyawa, sai ta zame, babur ya kwanta cikin ƙiftawar ido. ABS yana lura da juyawar taya, idan ta kusa kullewa sai ya riƙa sassauta birkin yana mayarwa sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin babura da suka haura cc 125 tun daga 2016. Ba ya sa ka iya birki, kuma ba zai cece ka daga kowace zamewa a kwana ba, amma wannan kuskure guda ɗaya da kusan kowa ke yi, yana tare shi.

Idan giya da kulochi suna ba ni tsoro fa?

Kwana biyu ne a fili mara motoci. Abin koyon shi ne gane wurin da kulochi ke fara kamawa: ka saki a hankali har babur ya fara jan kansa, ka sake matsewa, ka maimaita har hannunka ya haddace. Idan duk da haka ba ka so, akwai sikuta da ba a canja mata giya, akwai kuma irin Honda Super Cub, mai giya amma babu hannun kulochi. Tun 1958 ake ƙera shi, kuma a 2017 adadinsa ya kai miliyan 100.

Nawa zan ware wa kayan kariya?

Ka cire kuɗinsu tukuna, abin da ya rage shi ne kuɗin babur. Hular kwano mai rufe fuska har haɓa, mai shaidar gwaji irin ECE 22.06 ko DOT ko Snell, sabuwa, domin ta hannu ba ka san ko ta taɓa bugun ƙasa ba, kuma abin da ke shanye bugu a cikinta sau ɗaya yake aiki. Ta kama kumatunka, idan ka girgiza kai ta bi kanka. Sai safar hannu, tunda tafin hannu ne ke fara isa ƙasa, da takalmi mai rufe idon sawu, da jaket mai kauri. Ka lissafa lasisi da inshora da kuɗin makarantar koyo idan akwai ta kusa da kai.

Yaushe zan fara goyon mutum?

Sai ranar da tashi da tsayawa da juyawa suka daina cin tunaninka. Na baya yana ƙara nauyi a sama kuma a baya, birki yana ƙara tsawo, gaba yana yin sakayau. Idan lokacin ya yi, ka fara da mutum mara nauyi a wurin da babu motoci, ka duba littafin babur ko iskar tayar baya tana son ƙari, ka kuma gaya masa kada ya hau ko ya sauka sai ka ce masa ka shirya.