Mace mai larurar ADHD da rashin yarda da kai: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa ADHD da rashin yarda da kai?

ADHD larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke wahalar da tattara hankali, tsara aiki da kame kai, kuma gado na da babban hannu a ciki. A yaro namiji takan fito fili, ba ya zama wuri ɗaya. Yarinya kuwa sau da yawa tana zaune shiru, hankalinta ne ya tafi. Shi ya sa ake gano ta a yara maza kusan ninki biyu na mata. Wadda ba a gano ba sai ta tashi da sunaye: malalaciya, sakarya, marar ji. Tukunya ta ƙone, aike ya ɓace, an makara biki. Wanda aka yi shekara ashirin ana faɗa masa abu ɗaya, ai dole ya fara gaskatawa.

Ta yaya za a bambanta ta da mantuwar yau da kullum?

Ma'aunin DSM-5 na 2013, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke tantance larurori da shi, ya ce mai shekara 17 zuwa sama sai ta nuna alamomi 5 cikin 9 na rukuni ɗaya (rukunin rashin tattara hankali, ko na rashin zama wuri ɗaya da kasa kame kai), tsawon wata 6, a wurare biyu aƙalla, kamar gida da wurin aiki, kuma wasu alamomin sun fara kafin shekara 12. Ƙarancin jini, rashin barci da ciwon damuwa duk suna kama da ita, don haka likitan ƙwaƙwalwa ne zai tantance, ba bidiyon TikTok ba.

To me zan yi a aikace?

Daina dogaro da "zan tuna". Rubuta ayyuka 3 kacal a takarda, ki manna inda ido ke gani, kamar ƙofar kicin. Haɗa kowane aiki da lokacin da ba ya canzawa: bayan sallar Asuba, bayan Azahar. In kin ɗora girki, saita ƙararrawar waya kafin ki bar wurin. Aikin da ya yi nauyi, ba shi minti 15, ki tsaya; in 'yar'uwa na zaune kusa tana nata aikin, yakan fi sauƙin farawa.

Sannan kowane dare ki rubuta abu 3 da kika kammala a littafi. Wannan ba wasa ba ne: zuciya tana riƙe kuskure, ta saki nasara. Ranar da ta ce "ba ki taɓa iya komai ba", ki buɗe littafin, ki tambaye ta hujja. Ƙaramar shawara kuma, kamar wace atamfa za ki sa, ki yanke cikin minti 2. Babba, ki tambayi mutum ɗaya, ba biyar ba.

Me ke sa tsarin ya rushe?

Yawa. Sabon littafi, ayyuka 20, kwana huɗu an watsar, zargin kai ya dawo. Rage jerin. Mata da dama kuma alamominsu na tsananta kwanaki kafin al'ada, lokacin da sinadarin estrojin ke sauka. Ki lura da kwanakin wata biyu ko uku, ki sassauta aiki a cikinsu.

Magani fa?

Akwai methylphenidate da atomoxetine, sai da takardar likita. Suna taimaka wa hankali, amma tsohon zargin kai yakan buƙaci zaman gyaran tunani da ake kira CBT. Mai ciki ko shayarwa ta faɗa wa likita tun farko.