Na'urar karanta littafi ba ta cin ido

A Samaru da Kongo na Zariya an daɗe ana cewa duk karatun da ba a takarda ba cin ido yake yi. An yi wa waya da na'urar karanta littafi kuɗin goro, alhali aikinsu daban ne.

Hasken waya daga bayan gilashi yake fitowa ya doshi idonka. Ita kuwa na'urar karanta littafi irin Kindle, wadda kamfanin Amazon ya fitar a 2007, fuskarta cike take da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare. Lantarki ke jera su su zama rubutu, sai su tsaya cak. Hasken ɗaki ko na rana ke sauka a kai kamar shafin littafi, shi ya sa ko a tsakar rana rubutun ke fitowa raɗau. Sai an juya shafi take jan wuta sosai, caji ɗaya kan kai makonni, kuma mazaunin Zariya ya san darajar wannan.

Raɗaɗin ido yawanci daga ƙura wa rubutu ido ne ba ƙiftawa, balle da hunturu. Ɗalibin da ya wuni kan littafi a laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ma yana jin sa.