Baƙar Fata Ba Ta Hana Kansar Fata

Ana yawan cewa kansar fata cutar Turawa ce. Ta fi kama su, gaskiya, amma mu ta wata ƙofa take shigo mana: tsohon gyambon da ya ƙi warkewa, tabon ƙuna na shekaru, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa.

Zabiya kuwa, rana ce abokiyar gabarsu. Sanyin Jos yaudara ne. Garin na kan tudu kusan mita 1,200, inda hasken da ke ƙona fata ya fi kaifi. Sai malfa, riga mai dogon hannu, da shafa man kare fata daga rana mai lambar SPF 50 duk awa 2.

Mikin da ya wuce wata guda yana jini, bakinsa ya tashi, a kai asibiti a yanki ɗan nama a gwada.