Amfani da Sha'awa a Harkar Talla

Amfani da sha'awa a harkar talla dabara ce ta jan hankalin mai saye da surar jiki, ko shiga mai bayyana tsiraici, ko rangwaɗa da kashe murya, ko kalma mai harshen damo. Galibi mace ake sa wa a gaba, ko da hajar ba ruwanta da ita, kamar tayar mota ko lemon kwalba.

Dabarar ta girmi rediyo da talabijin. A 1885 kamfanin taba na W. Duke & Sons a Amurka ya riƙa cusa katunan hotunan 'yan wasan kwaikwayo mata a kwalin sigari. A 1911 marubuciyar talla Helen Lansdowne Resor ta tsara wa sabulun Woodbury tallar da ke kwaɗaita taɓa fatar mace, sabulun kuwa ya samu kasuwa. A 1980 kamfanin tufafi na Calvin Klein ya yi tallar wandon jins da 'yar fim Brooke Shields tana 'yar shekara 15, har wasu tashoshin talabijin suka ƙi sakawa.

Masu harkar sun daɗe suna cewa sha'awa na sayar da kaya, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Tun 1969 wani nazari na Major Steadman ya nuna cewa mazan da aka nuna wa hotuna masu motsa sha'awa sun fi saurin manta sunan hajar. A 2015 Robert Lull da Brad Bushman suka tattara gwaje-gwaje 53, suka ga cewa duk lokacin da batsar talla ta ƙaru, tuna hajar da niyyar sayenta raguwa suke yi. A 2017 kuma John Wirtz na Jami'ar Ilinoi da abokan aikinsa suka bi nazarce-nazarce 78. Abin da suka tarar shi ne mutane na tuna tallar, amma ba sa ƙara tuna sunan kamfanin, kuma niyyar saye ba ta motsa ba. Maza sun fi karɓar irin wannan talla, mata sun fi ƙyamarta.

Dalilin a fili yake. Hankalin mai kallo ƙayyadadde ne, in ido ya tsaya kan jiki sai kallo ya koma sama, sunan da aka kashe kuɗi don a riƙe ya wuce ba a karanta ba. Inda dabarar ta fi yin tasiri shi ne kan kayan da dama can suka shafi ado da jiki, irin su turare, man shafawa da kayan ciki.

A Abuja kowane salo da wurinsa. Manyan allunan da ke titin filin jirgi da kewayen Wuse kan nuna fata mai sheƙi da gashi a tallar man shafawa, amma tallar da aka nufi Hausawa da ita takan zo da mace cikin atamfa da mayafi, domin kamfani ya san uwar gida ce ke riƙe da cefane, kuma abin da za ta ji kunyar kallo gaban 'ya'yanta ko surukanta ba ya shiga gidanta. Sai dai sha'awar ba ta ɓace ba, baki ta koma. Masu maganin basir da ƙarfin maza da ke kafa lasifika a tashoshin Nyanya da Mararaba da maganar batsa suke tara jama'a, kuma masu tsayawa su yi dariya sun ninka masu zaro kuɗi. Haka masu kayan mata a Instagram da TikTok, waɗanda jarinsu shi ne alƙawarin mallake miji.

Ta fuskar doka, hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON ta 1988, ita ke tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet, kuma ƙa'idojinta sun hana batsa. Hukumar NBC, da aka kafa a 1992 mai hedkwata a Abuja, ita ke sa ido kan abin da gidajen rediyo da talabijin ke watsawa, NAFDAC kuma kan tallar magunguna. Mai lasifika a tasha da mai sayarwa ta waya dai ba kasafai suke bi ta waɗannan ofisoshi ba.