Yawo da kare a bakin kogi: me doka ta ɗora wa mai shi?

Babu dokar da ta hana mutumin Yawuri ya fita da karensa da la'asar sakaliya, ya bi bakin Kwara yana shan iska, ko ɗan Argungu ya zaga ta fadama. Amma da ƙafar kare ta taka waje, duk abin da ya yi yana wuyan ubangidansa.

Kundin dokokin laifuffuka na Final Kod (Penal Code), wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya mai da sakaci da dabba laifi. Wanda ya bar dabbarsa sakaka, alhali tana iya halaka wani ko ji masa mummunan rauni, ana iya gurfanar da shi ko da cizon bai auku ba. Bakin kogi kuwa ba kango ba ne. Ga mata na wanki, ga yara na wanka, ga masunta sun shanya kifi, ga makiyayi ya kawo tumaki shan ruwa. Kare da ya fi kowane lafiya a gida yana iya ruɗewa a nan. Idan ya kashe ɗan akuya ko ya yagi yaro, bayan hukuncin laifi mai dabbar ko iyayen yaron na da damar neman diyya. "Ai ba ya cizo" ba hujja ba ce, musamman in unguwa ta shaida ya taɓa kai wa wani hari. Igiya ko sarƙa a wuya ta fi dogon bayani a gaban alƙali.

Sai ciwon haukan kare. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta sa shi cikin cututtukan da dole a kai rahotonsu ga hukuma. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana wata uku, a maimaita duk shekara, likitan dabbobi ya ba da kati. A adana katin nan. Ranar da aka yi cizo, shi za a fara tambaya. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, a tsare karen a sa masa ido kwana 10. Gaggawar da muke yi mu kashe kare mu binne tana ɓatar da shaida ne kawai, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi.

Daji kuma kala-kala ne. Kurmin bayan gari daban, gandun gwamnati daban. Gandun Tafkin Kainji, da ɓangarorinsa biyu na Borgu da Zugurma, yana ƙarƙashin dokar gandun dajin ƙasa ta 1999: ba a shiga sai da izini, ba a farauta, ba a shigar da dabbar gida. Ma'aikacin gandu da ya ga mutum da kare a ciki, mafarauci ya gani, kuma ban ga laifinsa ba, domin kare ba ya tambayar iyaka kafin ya bi zomo ko gada. Gandayen jiha suna hannun ma'aikatan gandun daji na jihar, su ake tambaya inda iyakar ta tsaya kafin a kwance igiya.